Kurakuran da aka fi yi wajen yaƙar ƙwarin gona da darbejiya da sauran magungunan gida

Tsadar maganin feshi na kanti da tsoron gubar da ke saura a jikin abinci sun sa manoma da dama a Samaru da Shika da Giwa da fadamun bakin kogin Galma, duk a Jihar Kaduna, sun koma ga darbejiya da toka da barkono. Tsoron kuwa yana da tushe, domin a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya saboda yawan gubar da aka samu a jikinsa. Sai dai da yawa daga cikin masu gwada magungunan gida sukan watsar da su bayan damina guda, suna cewa ba su da amfani, alhali kuwa galibi laifin yana ga yadda aka haɗa su da lokacin da aka fesa su.

Babban kuskure shi ne jiran darbejiya ta yi irin aikin maganin kanti, wato a fesa da safe a ga tsutsa ta zube kafin azahar. Sinadarin da ke cikinta yana kashe wa tsutsa sha'awar ci ne, ya kuma hana ta girma, sai ta mutu a hankali cikin 'yan kwanaki. Don haka wanda ya bari sai gona ta lalace kafin ya ɗauko ta ya makara. Gyaran shi ne zagaya gona sau biyu a mako da sassafe. A masara, tun da tsutsar nan mai cin tsakiyarta ta bayyana a Najeriya a 2016, ya wajaba manomi ya riƙa buɗe tsakiyar shuka yana dubawa: idan ya ga ganye ya yi shara-shara kamar an kankare shi, tsutsar ƙarama ce kuma feshi zai kama ta, idan kuwa ya tarar da manyan huda da kashi mai kama da garin katako, ta riga ta girma ta nutse ciki. A nan gara a cire ta da hannu, a murƙushe ƙwayayen da ke jikin ganye, sannan a zuba ɗan yashi gauraye da toka a tsakiyar shukar.

Wajen haɗi ma ana yawan yin ɓarna. Mutane sun fi son ganyen darbejiya saboda sauƙin samunsa, wasu har su tafasa shi, amma ƙarfin maganin ya fi yawa a ƙwayar da ke cikin 'ya'yan, kuma zafi yana rage shi. Abin da ya dace shi ne a tara nunannun 'ya'ya, a wanke, a shanya a inuwa, a zubar da waɗanda suka yi funfuna, a ɓare, sannan a daka. Giram 50 na garin ake jiƙawa a kowace litar ruwa, wato kilo 1 ga tanki mai lita 20. A bar shi ya kwana, a tace da ƙyalle sau biyu don kada bakin famfon feshi ya toshe, a narka ɗan sabulun sanda a ciki domin ruwan ya kama ganye. Garin sabulun wanki yana iya ƙona ganye, musamman idan an cika shi. Haɗin ba ya jure ajiya, ranar da aka tace ranar za a fesa, kuma da yamma, domin hasken rana yana lalata shi kuma a lokacin ƙudan zuma sun rage zirga-zirga. A juya bakin famfo ya sami ƙarƙashin ganye, inda darɓa da farin ƙuda, ƙananan ƙwari masu tsotsar ruwan ganye, suke zama, a maimaita bayan mako guda, ko bayan ruwa mai ƙarfi irin na watan Agusta.

Akwai kuma masu ɗauka cewa duk abin da ya fito daga tsiro ba ya cutarwa. Jiƙon taba guba ne da ke ratsa fatar mai feshi, yana kashe ƙwarin da ke cinye darɓa, kuma yana iya sa wa tumatir da barkono cutar da ke ɗauke a ganyen tabar. A ganina barinsa ya fi. Kowane sabon haɗi a fara gwada shi a 'yan shuke-shuke a jira kwana biyu, kuma kada a zuba shi a tankin da ake fesa maganin ciyawa da shi.

Wani lokacin ma ba ƙwaro ne ke cin shukar ba, cuta ce ta riga ta shige ta. Tumatirin da ganyensa ya nannaɗe ya tsumbure, da gyaɗar da ta kamu da kuturta, cutar da darɓa ke yaɗawa wadda ta yi mummunar ɓarna a Arewa a 1975, babu feshin da zai warkar da su. A tuge su tun suna kaɗan a ƙona, a shuka gyaɗa da wuri kuma kusa da juna, a nemi iri mai juriya daga Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru. Masu noman rani da ke bin tumatir da tumatir a fili ɗaya, suna barin karmamin bara a gefen gona, su ne ke renon tsutsar da ta cinye tumatirin Jihar Kaduna a 2016. Wuta-wuta kuwa a cire ta kafin ta yi fure.

A wurin ajiyar wake, buhu mai ninki uku, wato ledoji biyu a cikin buhu, yana kashe ƙwari ta hanyar hana su iska, ba tare da an sa masa komai ba. Yana gazawa ne idan an zuba waken da bai bushe sosai ba, ko an ɗaure ledojin biyu tare maimakon kowace dabam, ko ana buɗewa kullum ana ɗiban na girki. A ware na ci a wani mazubi, a duba ledar ko ta huje kafin a cika ta, sannan a ɗora buhun a kan katako nesa da bango saboda ɓeraye.