In VIO, jami'an duba lafiyar motoci, sun ce ƙasan motarka ya yi tsatsa

Salamu alaikum 'yan uwa. Masu sayen mota 'yar Kwatano, musamman wadda ta fito daga Kanada ko arewacin Amurka, ku lura da ƙasanta. Can gishiri suke zubawa a titi lokacin ƙanƙara, shi ke cin ƙarfen tun kafin ta hau jirgin ruwa.

In an duba an ce akwai tsatsa, kar hankalinka ya tashi tukuna. Kai ta wurin wankin mota mai rami, akwai su a Sabon Gari da wajen Kwangila a Zariya, a wanke ƙasan tas. Sai ka shiga da tocila da sukuddireba, ka riƙa dannawa. Inda ƙarfe ya yi ƙarar lafiya, tsatsar sama ce: a goge da buroshin waya, a shafa jan fenti mai hana tsatsa, a bi da baƙin fentin ƙasan mota. Inda ya lotsa ko ya riƙa ɓarewa kamar ɓawon gyaɗa, musamman a shasi ko wurin da shokozoba ke zama, sai an yanke an sa sabon ƙarfe da walda. Kar ka yarda a cike da fila (abin da masu gyaran jikin mota ke shafawa su cike lotsa), ɓoye ciwo ne kawai.

Bututun birki da na fetur kuwa, in sun ci, canza su ake yi. A kuma cire batir, a kare tanki kafin a kunna walda.

Masu cewa a watsa baƙin mai, ni dai ban goyi baya ba. Yana lalata robobi, ga ƙurar Zariya ta manne a kai.