Yadda ake mayar da tsohuwar laftof saba a gida, duk da zafin Sakkwato

Saba, wadda wasu ke kira uwar garke, kwamfuta ce da ake bari kunne dare da rana domin wasu na'urori su riƙa neman abu a wajenta. Tawa tsohuwar ThinkPad ce da yayana ya jingine saboda allonta ya tsage, kuma a kanta na koyi galibin abin da aka tambaye ni ranar da na je neman aikina na farko na rubuta manhaja. Ga yadda na bi.

Da farko ka nemi laftof, ka ƙyale kwamfutar tebur ko da kyauta aka ba ka. Dalili wuta. Laftof da ba ta aiki mai nauyi tana shan kamar wat 10 zuwa 20, ta tebur kuwa tana iya ninka haka sau uku ko fiye, kuma da an ɗauke wuta sai ta faɗi nan take. Laftof tana da batirinta da zai riƙe ta kafin sola ko janareta ya karɓa. Mai RAM gigabayit 4 ta isa farawa. Kada ka manta rautar ma tana bukatar ɗan batirinta, in ba haka ba saba tana raye amma babu mai iya isa gare ta.

Na biyu, wurin ajiya, kuma nan ne namu ya bambanta da abin da ake koyarwa a bidiyoyin Turawa. Daga Maris zuwa Mayu zafin garin nan yana haura digiri 40, ɗakin da ke da rufin kwano kuwa ya fi haka. Ka zaɓi ɗakin da rana ba ta dukan bangonsa da la'asar, ka ɗora na'urar kan katako biyu iska ta ratsa ƙarƙashinta. Ba a kan katifa ba, ba kuma a kan darduma ba. Idan hunturu ya shigo, ƙura ce abokiyar gaba: ka buɗe bayanta ka hure fankar kafin bazara ta same ta a toshe. Batir kuma in ka ga ya fara kumbura, cire shi ranar nan, kada ka ce sai gobe.

Na uku, babbar manhaja. Ka sauke Ubuntu Server 24.04 LTS, wadda ta fito a Afrilun 2024 kuma ana kula da ita shekara biyar. Nauyinta ya haura gigabayit 2, don haka ka jira datar dare, ko ka kwafa wajen abokinka da ke karanta kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, da wuya a rasa mai ita. Ka zuba ta a filas da Rufus, manhajar da ke shirya filas don kunna kwamfuta daga kansa, ka kunna laftof kana danna F12 idan ThinkPad ce, ka zaɓi filas ɗin. Duk abin da ke cikin na'urar zai goge, saboda haka ka kwashe hotunan biki tukuna. Idan aka tambaye ka ko a saka OpenSSH, manhajar da za ta ba ka damar shiga saba daga wata kwamfuta, ka ce e.

Bayan ta tashi, ka buɗe fayil ɗin saiti /etc/systemd/logind.conf ka mayar da HandleLidSwitch ya zama ignore, don kada ta yi barci in an rufe murfinta. A saitin BIOS kuma, wato saitin da ake shiga da zarar an kunna kwamfuta kafin babbar manhaja ta tashi, idan akwai zaɓin ta kunna kanta da zarar wuta ta dawo, ka kunna shi.

Na huɗu, shiga daga nesa. Ka buga umarnin "ip a" don ka ga adireshinta, sannan ka shiga saitin rauta ka keɓe mata shi kada ya riƙa sauyawa. Daga wata kwamfutar sai ka shiga da umarnin ssh. Katangar tsaro, mai tace waɗanda za su iya isa ga saba, tana da tsarin kunnawa: sudo ufw allow OpenSSH da farko, sannan sudo ufw enable. Ni na yi na biyun na manta na farkon, na fita na kulle kaina waje, ga allo a tsage. Sai da na ari talabijin ɗin falo da wayar HDMI, Inna tana tambayar ko fim zan saka mata. Daga nan ka ƙirƙiri mabuɗi da ssh-keygen, ka tura shi da ssh-copy-id, ka daina dogara da kalmar sirri.

Kana son isa gare ta daga Mabera alhali tana Arkilla? Kada ka ɓata dare wajen buɗe ƙofa a rauta. Layukan waya sukan haɗa mutane da yawa a adireshi guda, don haka daga waje ba za a gano gidanka ba. Ka saka Tailscale a saba da wayarka, su haɗu ta ɓoyayyar hanya. Kyauta ce ga mai amfanin kansa.

Na biyar, ka ba ta aikin gaske. Nginx, manhajar da ke miƙa shafukan intanet, da shafi guda ya isa makon farko, sai Docker mai gudanar da kowace manhaja a keɓe da PostgreSQL mai adana bayanai. Ni littafin bashin shagon kawuna na mayar manhaja, kuma tun da kuɗin mutane ya shiga ciki na fara ɗaukar ajiyar kwafi da muhimmanci. Ka sami faifan ajiya na waje, ka sa cron, mai gudanar da aiki a kan lokaci, ya riƙa kunna rsync, mai kwafar fayiloli, kowane dare, bayanan PostgreSQL kuma ka fara fitar da su da pg_dump kafin a kwafe.

Duk abin da ya lalace, ka rubuta shi: me ka gani, me ka gwada, me ya gyara. Ka ajiye rubutun a GitHub, dandalin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu, bayan ka tabbata babu kalmar sirri ko mabuɗi a ciki. A tantancewar aikin da na yi, sun fi daɗewa a kan wannan rubutu fiye da takardar shaidar karatuna, musamman daren da faifai ya cika da bayanan Docker saba ta ƙi tashi.

Sau ɗaya a wata kuma, ka ɗauki kwafin daren jiya ka gwada mayar da shi a wata kwamfuta, ka buɗe ka ga ko bashin da aka rubuta jiya yana nan.