Madurai: Zama a Garin da Haikali Yake Tsakiyarsa

Duk wanda karatu ko jinyar ido ta kawo shi Madurai, a jihar Tamil Nadu ta kudancin Indiya, ya fara ajiye ɗan Indiyancin da ya tsinta a fina-finai. Tamil ake ji a nan, kuma mutanen garin suna alfahari da harshensu ƙwarai. "Vanakkam" ita ce gaisuwa, "nandri" godiya. Da su biyun da ɗan Turanci za ka yi ciniki.

Garin ya haura shekara 2,000, kuma tsohon birnin gaba ɗaya kewaye yake da haikalin Meenakshi, inda mabiya addinin Hindu ke zuwa ziyarar ibada daga ko'ina a ƙasar. Hasumiya 14 gare shi, lulluɓe da mutum-mutumi masu launi, ta kudu ta kai kusan mita 52. Yawancin ginin da ake gani yau aikin sarakunan Nayak ne na ƙarni na 16 da 17. Titunan da suka zagaye shi zobe-zobe sunayen watannin Tamil suke ɗauke da su: Chithirai, Avani Moola, Masi. Ka haddace su, don da su za a yi maka kwatance, idan kuma ka ɓata, ɗaga kai ka nemi hasumiya.

Shiga ko ƙin shiga, wannan tsakaninka da zuciyarka. In za ka shiga, takalmi a waje yake tsayawa, waya ma haka tun bayan gobarar da aka yi a haikalin a 2018, gajeren wando ba ya wucewa, kuma akwai ɗakunan ciki da wanda ba Hindu ba ba ya taka su. In ba za ka shiga ba, babu mai tambayarka dalili. Abin da ba a yafewa shi ne raini. Za ka ga dattijuwa da furen malli, wato farin yasmin mai ƙamshi, a gashinta ta fasa kwakwa, ta shafa toka a goshi, idonta ya kawo ruwa. Kame bakinka, kada ka nuna da yatsa, kada ka ɗauke ta hoto ka tura wa abokai ana dariya. Baƙo kake, kuma wannan ne abu mafi tsarki a wurin mai masaukinka.

Masallaci ba ya wuya. Babban masallacin Kazimar, wanda aka kafa tun ƙarni na 13, da ƙafa ma za ka je daga haikalin, unguwar Goripalayam da ke ƙetaren kogin Vaigai kuwa akwai Musulmi da yawa. A wajensu za ka tambayi mahaucin da ke yankan halal. Madurai garin cin naman akuya ne, amma a gidajen abincin da ke jikin haikalin kada ka nemi nama, balle na sa.

Sai watan Afrilu zuwa Mayu, lokacin bikin Chithirai. Dubun dubatar mutane ke cika garin, a rufe tituna, kuɗin masauki ya tashi, ga zafi irin na Sakkwato. Mai ganin likita a asibitin ido na Aravind ya kama ɗaki da wuri, ya fita da sassafe. Mai keke kuwa, ku gama ciniki kafin ka hau.

Ɗalibin da bizarsa ta wuce kwana 180 ya yi rajistar baƙi ta intanet cikin kwana 14 da saukarsa. Sakaci da ita tara yake jawowa ranar komawa gida.