Kurakuran da masu tsohuwar mota suka fi yi in zasu shiga wasan zagaye kon

Duk wanda ya ɗauko tsohuwar Fijo 504 ko Marsandi 190 ko BMW E30 yace zai gyarata ya shiga wasan zagaye kon da ita, zaka ga kusan hanya ɗaya suke bi. Kuɗin farko na injin ne da salansa, na biyu wili da fenti, in wani abu ya rage sai a leƙa kasuwar Panteka ta Kaduna a nemo taya 'yar Belgium a ɗaura. Toh wannan jerin a juye yake, kuma shi yasa zaka ga mota tana ihu kamar zata tashi sama amma wani yaro da Golf 2 ɗin gidansu wadda ko sitika babu a jikinta ya zo ya rigata da daƙiƙa uku.

Wasan dai shine wanda turawa ke kira otokuros. Fili ake samu a jera robobin kon irin na 'yan Road Safety a fitar da hanya mai kwana-kwana, mota ɗaya ce take shiga, agogo ne alƙali. Zagaye ɗaya wajen minti ɗaya ne, kusan duka a giya ta biyu ake yinsa, da wuya gudu ya kai kilomita 100. A Amurka inda ƙungiyar masu wasan mota ta SCCA take shirya shi, duk kon ɗin da ka kayar daƙiƙa 2 za'a ƙara maka, in kuma ka tsallake wata ƙofa, wato tsakanin kon da dole ka bi ta ciki, zagayen ya tashi a banza. Kaga kenan a wuri irin wannan ƙarin ƙarfin injin bashi da inda zaiyi aiki sosai, kafin ka gama take totur kwana ta gaba ta iso.

Taya itace babbar matsala, kuma itace aka fi raina wa. Mutum zai duba yaga zanen tayar da sauransa yace ai sabuwa ce, alhali robar ta bushe ta zama kamar ganda. Ka duba gefen tayar wajen da aka rubuta DOT, lambobi huɗun ƙarshe sune ranar haihuwarta, in kaga 2315 to sati na 23 ne na shekarar 2015, in kuwa lambobi uku ka gani wannan tun kafin 2000 aka yita, ka barwa masu takalmi. Sannan wasu tayoyin da ake shigowa dasu daga Turai na lokacin ƙanƙara ne, zaka ga hoton dutse da ɗan furen ƙanƙara a ciki, robar tana da laushi an yita ne don sanyi, a kan kwaltar Kaduna a watan Maris ko Afrilu zagaye biyu zata fara murmushewa motar tana lilo a kwana. Taya huɗu iri ɗaya, sababbi, ko da masu sauƙin kuɗi ne, sun fi duk wani aikin da zaka yiwa kabireta. Kuma don Allah a daina haɗa kamfani huɗu a mota ɗaya, kowace kusurwa da halinta.

Iskar tayar ma haka. Mai faci zai buga ƙarfe a jiki yace "Oga tayi", kai kuma ka tafi. Ka sayi geji naka na kanka ka riƙe a aljihu. A wannan wasan ana ɗan ƙara iska sama da ta yawon gari saboda kar tayar ta kwanta a kan gefenta a kwana, kuma hanyar ganewa mai sauƙi ce, ka samu alli ka shafa a kafaɗar tayar wuri uku, kayi zagaye ɗaya ka dawo ka duba. In allin ya goge har ya gangara gefe, iska tayi kaɗan, ƙara 2. In ko gefen zanen bai taɓu ba tayi yawa, rage 2. Ka sake aunawa bayan kowane zagaye don taya in tayi zafi iskar hawa takeyi da kanta.

Sai maganar wili. 504 da 505 ramukan nocinsu 4x140 ne, ba kasafai ake samun wilin gayu da ya dace dasu ba, shine wasu suke kaiwa a huda sabon rami ko a faɗaɗa na da. Kar ka yarda. Duk nauyin motar a kwana a kan waɗannan noci huɗun yake sauka. Kuma babban wili mai inci 17 ko 18 nauyi kawai yake ƙarawa motar da ƙarfinta bai kai doki 100 ba.

Yanzu ƙafar mota, anan ne ake ɓarna da gangan. Wai ana so ta zauna ƙasa, sai a kaita wajen mai walda ya sa wutar gas a jikin sifirin har ya lotsa, ko a yanke zagaye biyu uku da ido ba awo. Sifirin da yaci wuta ƙarfensa ya mutu, zai cigaba da zaunawa kuma ba daidai ba, wata rana ya karye. Wanda aka yanke da yawa kuma sai motar ta zauna a kan robar tsayawa, babu sauran wurin motsi, tana shiga kwana taci karo da ɗan tudu sai tayi tsalle tayar ta saki ƙasa. A E30 abin ya fi muni, saboda yadda aka ƙera ƙafar bayanta in ka sauketa da yawa tayoyin baya sai su buɗe su tsaya a kan gefen ciki. Abinda tsohuwar mota take buƙata da farko shine a mayar mata da abinda shekaru suka cinye: shokazoba sabo, bushin, boljoyin, tayarod, sannan alaimen a wajen mai na'ura. Ka tuna 504 ɗin nan da aka riƙa haɗawa a Kakuri ta Kaduna tun 1975 har bayan shekarar 2000, don hanyar ƙauye da ramuka aka sota, ƙafarta doguwa ce mai laushi, irin wannan juriyar ce tasa ta ci Safari Rali a Kenya a 1975. Zata kwanta a kwana, halinta ne, kuma kwanciyar ba ita take cin lokaci ba in dai shokazoba yana riƙe da ita. Marsandi 190 kuwa ka duba akwatin sitiyarinta, in kana juyawa kusan faɗin yatsa uku taya bata motsa ba to a tsakanin kon baka san inda gaban motarka yake ba. Golf in ta ɗaga tayar baya ɗaya a kwana kar ka tsorata, haka suke.

Akwai kuma masu liƙe aksil da walda don tayoyin baya su riƙa juyawa tare. Wannan na masu jan mota a gefe da tada hayaƙi ne, kuma yana musu aiki. A zagaye kon kuwa inda kwanonin matsattsu ne, motar ƙin juyawa zatayi, ka murɗa sitiyari ita kuma ta miƙe, sai ka take totur baya ya fizge ka kwashe kon uku. 'Yan kallo zasuyi tafi, agogo kuma ya rubuta maka daƙiƙa 6.

Birki. Wallahi abinda ake gani a ƙarƙashin tsofaffin motocin nan sai addu'a. Bututun baya ya fara yoyo an sa ƙusa an toshe shi, motar tana yawo da birkin taya uku, ko man birki ya ƙare a hanya an zuba ruwan omo ba'a sake waiwaya ba. Ko ba'a yi wannan ba, man birki da kansa yana shan danshi daga iska, DOT 4 sabo sai ya kai digiri 230 yake tafasa, wanda ya sha ruwa kuwa a wajen 155 ya tafasa, in ya tafasa kuma ƙafarka har ƙasa zata tafi ba komai. A zubar da tsohon gaba ɗaya a sa sabo daga gwangwanin da ba'a taɓa buɗewa ba, a cire iska, a canja robobin bututun da suka tsage, kuma kar a haɗa da DOT 5 don shi wani iri ne daban. Ba sai ka nemo babban diski na wata mota ba, zagayen minti ɗaya birkin kamfani mai lafiya ya isheshi.

Toh mu zo kan injin ɗin tunda shi ake so. Ɗauko babban injin silinda shida a cusa a ƙaramar mota yana da daɗi a hanyar Zariya, amma nauyin da ya ƙaru a gaba shi zai hana ta shiga kwana, ga lagireto da aka matse babu wurin iska. Masu kabireta kuma sai a faɗaɗa jet wai ta ƙara shan mai ta ƙara ƙarfi, ka cire fulogi ka gani, in yayi baƙi ƙirin da toka to mai ya yi yawa, ƙarfi raguwa yayi. Abinda ya kamata a duba shine tsayin mai a cikin kofin kabiretar, don a doguwar kwana man yana taruwa gefe guda, in fulot ɗin da ke daidaita tsayin man bai zauna daidai ba sai motar ta shaƙe daidai lokacin da kake fita daga kwanar. Taimin ma a daina saita shi da kunne, bakanike yana murɗa distiributa yana cewa "kaji ta ɗauka ko Alhaji", a sa fitilar taimin, in kana jin ƙarar ƙwal-ƙwal daga injin in ka take to a mayar dashi baya kafin fistin ya huje. Cire iyakilina mai tace iska kuwa a lokacin hunturu da ƙurar nan tamu, wannan kashe ringi ne kawai da hannunka.

Cire tamostat al'ada ce a garin nan, kowa yace ai na ƙasar sanyi ne. Motar da take tafasa tana da dalili, ko lagireton ya toshe da gishirin ruwan rijiya ko fanka bata ja ko murfin ya mutu, kuma murfin nan da ake rainawa shine yake riƙe matsin da ke hana ruwa tafasa har wajen digiri 120. Yawanci ma ba a cikin fili take tafasa ba, a layi ne, ka gama zagaye injin yayi zafi ka zo ka tsaya babu iska. Ka buɗe bonet, ka yayyafa ruwa a jikin lagireton in kana so, amma kar ka kwara ruwan sanyi a kan injin, kan injin 504 na alminiyon ne, lanƙwashewa zaiyi gasket ya tafi. Baƙin mai ka cika shi har layin sama, in fitilar mai tana ƙyaftawa a kwana ka tsaya. Tsohon tanki kuma in aka girgiza shi tsatsa ce take tasowa, ka sa sabon filta, ka canja robar mai, ka ajiye abin kashe gobara kusa da hannunka, ba a but ba. Batir a ɗaure shi da ƙarfe. Jak, safaya, sifika, buta, dardumar ƙafa, duk a sauke su.

Duk wannan na mota ne, amma mafi yawan lokacin da ake asara a hannun direba yake. Na farko ba'a taka filin da ƙafa, mutum ya zo a makare yana gaisawa da jama'a har a kira shi, sai ya shiga yana neman hanya. Ka zagaya da ƙafa sau biyu ko uku, kai kaɗai ba hira, har sai ka iya rufe ido ka faɗi kwanonin a jere. Na biyu kallon kon ɗin da yake gaban bonet, wanda ka riga ka iso babu abinda zaka iya yi masa, idonka ya kasance a kan ƙofa ta gaba ko ta gaban ta. A jerin kon na miƙe wanda ake saƙawa hagu da dama, mutane suna jira sai sun wuce kon sannan su juya, shi yasa kowane kon ake ƙara makara har na huɗu ya tashi, ka fara juyawa tun kana gefensa ta yadda tayar baya ce zata kusan shafarsa. Sai shiga kwana da gudun da ya wuce kima, gaba ya miƙe taya tana kuka, kai kuma ka ƙara murɗa sitiyari, wanda ƙara taɓarɓarewa yake, ka ɗan saki sitiyarin ka ɗaga ƙafa a hankali zata kama. A hankali fa nace, don E30 in ka saki totur farat ɗaya a tsakiyar kwana baya ne zai zo gaba. Kuma ka bar giya ta biyu ta zauna, komawa ta ɗaya a kowace kwana wahalar da giyabos ne kawai.

In ana gwaji abu ɗaya ake canjawa a lokaci guda a rubuta a littafi. Ka canja iska da taimin da shokazoba rana ɗaya, motar tayi kyau ko ta lalace bazaka san wanene ba.

Fili kuma sai da izinin masu shi, a rubuce in da hali, ba baifas ba, ba titin unguwa ranar ɗaurin aure ba, wannan kai da 'yan KASTLEA masu kula da dokar hanya a Kaduna ne in ma Allah ya tsare ba'a taka kowa ba. A zaɓi wurin da babu fal ɗin wuta ko kwalbati kusa da kwana, a share yashi da tsakuwa don ƙurar hunturu a kan kwalta tana sa santsi sosai, in filin jar ƙasa ne a jira ƙura ta kwanta kafin a saki mota ta gaba. Yara zasu taru ko kun so ko baku so ba, don haka a ja igiya nesa, a sa manya su tsare, kuma kar kowa ya tsaya ta wajen da mota zata nufa in ta ƙwace. Hular kwano ta gaske da bel, babu mai leƙowa ta taga yana ɗaukar bidiyo. Agogo mutum ɗaya ne zai riƙe daga farko har ƙarshe tunda kowa da saurin yatsansa. In an tashi, kafin ka hau titi ka mayar da iskar taya yadda take, ka bi nocin wili ɗaya bayan ɗaya da sifana, ka leƙa ƙarƙashin motar ko wani abu yana ɗiga.