Yadda zaka tsara manhajar waya ta intanet ɗin ko-ta-kwana na gida

Akwai ranar da ina tsakiyar kiran bidiyo na aiki intanet ɗin gida ya yanke, rauta ɗin kuma, wato na'urar da ke raba wifi a gida, irin mai sim ne a ciki wanda in babban layi ya faɗi yake komawa 4G da kansa. Na ɗauki waya na buɗe manhajar kamfanin inga me ake ciki, ta yi ta lodi ta yi ta lodi, can ta ce in sa faswod, na sa, ta ce babu intanet. Wallahi raina ya ɓaci, don rauta ɗin na gabana, taku biyu tsakaninmu, amma manhajar sai ta je saba, wato kwamfutar kamfani da ke can kan intanet, ta dawo kafin ta faɗa min halin da yake ciki. Tun daga ranar na gane cewa irin wannan manhaja ba'a buɗe ta sai abu ya lalace, wanda intanet ɗinsa ke tafiya lafiya lau ko tunawa da ita baya yi. To ɗan'uwa in kai ke zanawa, wannan mintin da layi ya faɗi shi zaka fara zanawa, sauran shafuka su biyo baya.

Abu na farko, dole manhajar ta iya magana da rauta kai tsaye ta wifi ɗin gida ba tare da ta fita waje ba. Ko intanet ya yanke wifi ɗin na nan da ransa muddin akwai wuta, rauta na zaune a adireshi irin 192.168.1.1 ko 192.168.0.1, daga nan zata ɗauko duk bayanan da take so. Amma fa akwai tarko a nan wanda yake kama mutane da yawa. Android tana gwada intanet da kanta, tana tura ɗan saƙo zuwa sabar Google tana jiran amsar 204, lambar da ke nuna mata saƙon ya isa, in bata samu ba sai ta ɗauka wifi ɗin bashi da amfani ta mayar da komai kan datar waya, kai kuma manhajarka tana ta kiran rauta ta layin da rauta baya kai. Maganinsa ka ɗaure buƙatunka a kan wifi ɗin, tun Android 6 akwai umarnin bindProcessToNetwork da masu rubuta manhaja ke kira ya yi wannan aikin. A iPhone kuma tun iOS 14 da ta fito a 2020 sai mai waya ya bada izini kafin manhaja ta taɓa na'urorin da ke cikin gida, so ka nemi izinin nan ranar da ake saita kaya kana bayanin dalili da kalmomi masu sauƙi, kar ka bari sai ranar matsala. Haka shiga akawun, ka ajiye shi a waya yadda ba sai an sake tambayar faswod ba. In rauta ɗin nada Bluetooth ma ka riƙe shi a matsayin hanya ta biyu.

Sai shafin farko, nan ne nake so ka daɗe kana tunani. Mutumin da ya buɗe hankalinsa a tashe yake, ƙila yara na ihu katun ya tsaya, ƙila shi kansa ana jiransa a mitin. Abu uku yake son sani, shin akwai intanet yanzu, zai kai ni yaushe, me zan yi. Ka amsa na farko da jimla ɗaya da manyan haruffa a sama, kamar "Babban layi ya faɗi tun 2:14, kana kan layin sim". Kar ka rubuta masa sunayen fasaha da lambar kuskure, waɗannan ka tura su can ƙasa don masu son gani. Ƙarfin sigina ma haka, injiniya ya san a ma'aunin sigina na dBm -80 yayi kyau -110 kuma ya yi rauni, amma mai gida abinda zai amfane shi shine kace masa sigina ta yi ƙasa, ya matsar da rauta kusa da taga, kuma ya ga sandunan suna hawa yana cikin matsarwa. Kore da ja kaɗai basu isa ba, kusan namiji ɗaya cikin 12 baya bambance wasu launuka sosai, ka haɗa launi da rubutu da alama. Maɓallai su zama manya, a ma'auninsu na girman abu a allo Google ta bada 48dp Apple ta bada 44pt a matsayin mafi ƙanƙanta, ka tuna ƙila cikin duhu ake latsawa da hannu ɗaya.

Maganar data kuwa ita ce tafi ƙona rai in ba'a kula ba. Layin sim yawanci yanada iyaka, na'urorin gida kuma basu san an sauya layi ba, su dai wifi suke gani mai suna ɗaya, sai talabijin ta cigaba da jan bidiyo, kwamfuta ta fara saukar da sabuntawa, wayoyi su fara tura hotuna sama. Netflix da kansu sun ce HD na iya cin har 3GB a awa, 4K kuma har 7GB, kaga fim biyu sun isa su share abinda aka tanada don aikin sati. Don haka kar ka tsaya a nuna "saura 12GB", ka lissafa masa da yadda ake ci a yanzu, kace a wannan gudun zai kai wajen awa 5. Ka jero na'urorin da suka fi ci da sunan da mutum zai gane, talabijin ɗin falo, kwamfutar aiki, kowacce da maɓallin dakatarwa a gefenta. Abinda yafi ma shine tun ranar saitawa ka tambaye shi, in layi ya faɗi waɗanne na'urori ne dole su cigaba, ya zaɓa hankali kwance, ranar da abin ya faru rauta ta aiwatar da kanta. Akwai wata dabara da nake so sosai, rauta na iya tura kalmar ANDROID_METERED ta zaɓi na 43 na DHCP, wato tsarin da rauta ke raba wa na'urori adireshi da shi, wayoyin Android sai su ɗauki wifi ɗin a matsayin mai ƙidayar data su rage manyan ayyukan bayan fage. Sai dai wayar bata gani sai ta sake karɓar adireshi, ka sa wannan a lissafi.

Wuta ma ka nuna ta in kayan nada batir, kashi nawa ya rage da kimanin awannin da zai yi. Kuma manhajar ta bambance ɗaukewar wuta da faɗuwar layi, don akwatin faiba da babban layi ke shigowa ta cikinsa shima wuta yake sha, in shi ya mutu rauta na kan batir to ba laifin kamfanin layi bane, ka faɗa masa ya duba soket.

Sanarwa tana buƙatar natsuwa. Saƙon da ke faɗowa a waya ta sabar Google ko ta Apple yake bi, wato shima intanet yake so. In sauyawa ta yi nasara rauta zata sanar da saba ta layin sim, saƙo ya iso. In duka biyun sun mutu rauta bata da bakin magana, sai sabarka ce zata lura ta daina jin ɗuriyarta na wasu mintuna ta tura saƙo, kuma SMS yafi tabbas a nan. Kar ka cika mutum da saƙonni, akwai layin da ke zuwa yana ɗaukewa sau goma a awa, in kowanne sai waya ta yi ƙara kashe sanarwar zai yi gaba ɗaya, ranar da take da muhimmanci kuma bazai gani ba. Ka haɗa su wuri ɗaya. Komawa babban layi ma kar a yi gaggawa, a bari ya tsaya daram na ɗan lokaci tukunna, saboda duk sauyi adireshin IP, wato adireshin gidan a intanet, na canzawa, kira na iya yankewa VPN, wato amintacciyar hanyar shiga tsarin wurin aiki daga gida, ya faɗi. Ka bashi maɓallin "bar ni a layin sim har in gama", mai mitin zai yi maka addu'a.

In data ta ƙare ana cikin matsala, sayen ƙari ya zama latsawa biyu ko uku, kuma ku shirya da masu layin yadda shafin biya zai buɗe ko data ta ƙare ƙarƙaf.

Bayan komai ya lafa ka ajiye tarihi, yaushe ya faɗi, minti nawa ya yi, data nawa aka ci, yadda zai iya turawa kamfanin layinsa in zai kai ƙorafi. Sannan ka sa rauta ta riƙa gwada layin sim da kanta lokaci zuwa lokaci, don sim na iya mutuwa shiru in an daɗe ba'a amfani dashi ko ba'a biya ba, gara a sani yau da a sani ranar buƙata.

Gwaji kuma dan Allah kar ka tsaya a ofis inda intanet ke gudu. Ka zare kebul ɗin babban layi da hannunka ka ƙirga sakan nawa kafin shafin ya faɗi gaskiya. Ka kashe datar wayarka ka sake, ka kunna ta ka sake, don halin wayar ba ɗaya bane a biyun. Ka cire sim ɗin ma gaba ɗaya kaga me manhajar zata ce. Daga ƙarshe ka kashe fitila, ka miƙa wayar ga wanda bai taɓa ganin manhajar ba, kace masa intanet ya yanke ya duba maka, kai kuma ka ja bakinka ka yi shiru kana rubuta duk inda yatsansa ya tsaya.