Yadda Ake Tara Wuƙaƙen Aljihu da Riƙe Su a Zariya

Wuƙar da na fara sani ta mahaifina ce, Allah ya jiƙansa. Okapi ce mai jar ƙota da zobe a gadon bayanta, kullum tana aljihunsa tare da carbi da goro. Da ita yake feƙe mana alƙalami in za mu makarantar allo, da ita yake fere rake, da ita yake gyara bakin asuwaki. Ban taɓa ganin ya buɗe ta cikin fushi ba. Yanzu mu bakwai ne ke zama a wata majalisa a Tudun Wada duk Asabar bayan la'asar, kowa ya zo da abin da ya samu, a duba, a wasa, a yi musaya. Masu tambayar yadda za su fara sun yi yawa, shi ya sa na ga gara in rubuta yadda muke yi.

Da farko, fara da ta gida

Kada ka fara da kasuwa. Tambayi tsofaffin gidanku ko akwai wata tsohuwar wuƙa a adaka ko a ƙasan akwati. Sau da yawa akwai, ta yi tsatsa an manta da ita. In ka samu, nemi labarinta tun masu labarin suna raye: ta wane ce, daga ina ya sayo ta, me yake yi da ita. Ka sayi ƙaramin littafi ka rubuta. Wuƙa uku da ka san asalinsu sun fi talatin da ka kwaso ba ka san komai a kansu ba.

Na biyu, ka san irin da kake nema

Nan ne daɗin abin yake, don kowace wuƙa da garinsu.

Okapi ita ce wadda iyayenmu suka fi sani. A Solingen ta ƙasar Jamus aka fara ƙera ta a 1902, kuma tun asali don kasuwannin Afirka aka yi ta. A 1988 aka mayar da ƙirar Afirka ta Kudu. Don haka in ka ga an buga sunan Jamus a gindin ƙarfen, kuma ba jabu ba ce, to tsohuwa ce ka samu, riƙe ta da kyau. Zoben nan na bayanta ba ado ba ne: shi ake ja ya ɗaga makullin kafin ta naɗe.

Opinel 'yar Faransa ce, daga yankin Savoie, inda Joseph Opinel ya fara yin ta a 1890. Ƙotarta itace ne zalla, kuma lamba-lamba ake yin ta gwargwadon girma. Mai lamba 8, wadda tsawon bakinta santimita 8.5 ne, ita ta fi dacewa da aljihu. A 1955 aka ƙara mata ƙawanyar ƙarfe a wuya, wadda ake murɗawa ta hana bakin rufewa a kan yatsu. A ganina babu wuƙar da ta kai ta daɗin fere mangwaro, kuma ita nake ba sabon shiga shawarar ya fara saya.

Akwai Douk-Douk, ita ma ta Faransa, daga garin Thiers, tun 1929. Siririya ce, ƙotarta fallen ƙarfe ne aka ninke, ba ta cika aljihu. Ta bazu sosai a ƙasashen Afirka da Faransa ta mulka. Wani nau'inta da ake kira El Baraka yana ɗauke da zanen tambarin Agadas a ƙota, irin wanda Buzaye ke ƙerawa da azurfa. In kana da ɗan'uwa mai zirga-zirga Maraɗi ko Damagaram, ka ba shi sautu.

Sai Victorinox ta Suwizalan, ja mai farar alama, mai almakashi da abin buɗe gwangwani. Karl Elsener ne ya kafa maƙerar a 1884. Tana da amfani ƙwarai, amma ana yawan yi mata jabu. Tsofaffin wuƙaƙen Sheffield ta Ingila kuwa, in Allah ya haɗa ka da ɗaya, kada ka tsaya dogon ciniki.

Kada kuma ka raina ta maƙeranmu. Ƙaramar wuƙar da maƙeri ya buga, baduku ya ɗinka mata kube da jar fata, ba ta naɗewa, amma ita ce tamu ta gado. Tarin da babu ita bai cika ba.

Na uku, saye

A kasuwar Sabon Gari ka leƙa wajen masu kayan gwanjo da masu sayar da kayan aikin hannu. A kasuwar cikin birni ka nemi masu kayan ƙira. Ba kullum ake dacewa ba, sai an yi ta komawa. In ka ga wadda ta kwanta maka, nemi izinin mai kaya kafin ka buɗe. Buɗe ta a hankali har ƙarshe, ka kama bayan ƙarfen da yatsu biyu ka motsa shi hagu da dama. In yana rawa, ƙusar ta saki. Rufe ta ka duba ko bakin ya kwanta a tsakiya, tsinin kuma ya shige ciki sarai, don tsinin da ya leƙo waje shi ke yaga aljihu ya yanki yatsa. Duba tambari: na asali bugawa ake yi cikin ƙarfe, ya fito tsaf, na jabu yakan zama kamar fenti ko haruffansa su karkace. Tsatsar sama-sama ba ta hana saye, tana fita. Wadda ta ci rami a bakin kaifin, ko ƙarfen da ya tsage, bar wa mai shi kayansa.

Ka tambayi kanka ko baƙin ƙarfe kake so ko farin da ba ya tsatsa. Baƙin ya fi saurin ɗaukar kaifi, amma yana son kulawa, kuma in ya yanki lemo ko albasa sai ya yi duhu. Wannan duhun ba lahani ba ne, har yana ɗan kare shi daga jar tsatsa.

Na huɗu, wasawa

Kada ka kai wuƙar aljihu wajen mai injin wasa. Dutsen injin yana cin ƙarfe da yawa, yana kuma zafafa bakin har ya rasa taurinsa. Na taɓa ba wani mai wasa a bakin kasuwa wata Opinel, kafin in ce ya dakata bakinta ya koma shuɗi-shuɗi, daga ranar ba ta ƙara riƙe kaifi ba.

Sayi dutsen wasa mai fuska biyu, gefe mai kaushi da gefe mai laushi. Jiƙa shi da ruwa, ka ɗora kan tsumma don kada ya zame. Kwantar da wuƙar, sannan ka ɗaga bayanta kamar kaurin tsinken ashana biyu zuwa uku. Tura ta gaba kamar mai son yankar ɓawon dutsen, tun daga gindi har tsini, ba tare da dannawa da ƙarfi ba. Sirrin duka shi ne hannunka ya tsaya a ɗagawa ɗaya. Ci gaba da gefe guda har sai ka shafa ɗaya gefen daga baya zuwa baki ka ji wani ɗan kaushi kamar ƙaiƙayi ya fito. Sai ka juya ka yi wa ɗaya gefen haka. Koma fuska mai laushi, ka sassauta hannu. A ƙarshe ka ja ta da baya a kan tsohuwar fata, yadda wanzami ke yi wa aska. Wani dattijon wanzami ne ya gyara mini hannu a nan. Ya ce, "Ɗana, kana sauri. Saurari kukan dutsen, in ya canja to hannunka ne ya karkace." Na ce, "To, Baba." Gwaji kuwa da takarda ake yi, ba da yatsa ba.

Na biyar, ajiya

Zariya na da yanayi biyu da ke gwada wuƙa. Da damina, musamman a watan Agusta, danshi na sa baƙin ƙarfe tsatsa cikin 'yan kwanaki, itacen Opinel kuma ya kumbura har bakin ya ƙi fitowa. In haka ta faru kada ka sa haƙori ko farce da ƙarfi. Buga ƙarshen ƙotar a kan benci sau ɗaya, bakin zai leƙo. Da hunturu kuwa itacen kan bushe ya saki, sai ka riƙa murɗa ƙawanyar ko da wuƙar na rufe.

Bayan kowane aiki goge ta ta bushe. Ɗiga man keken ɗinki a gaɓar. In da ita kake yanka abin ci, goge man daga bakin, ka shafa ɗan man gyaɗa ka share. Kada ka bar wuƙa ta yi watanni cikin kube, don fata na riƙe danshi. Haka Okapin mahaifina ta yi tabon da har yau yake ci mini rai. Kuben kansa man kaɗanya kaɗan ya ishe shi. Akwatin ajiya ya zama mai makulli, nesa da yara.

Na shida, riƙewa

Wannan ya fi duk sauran nauyi. Muna zamanin da ƙwacen waya da sara-suka suka sa mutane tsoron duk wanda aka gani da ƙarfe, kuma suna da hujja. Saboda haka guda ɗaya ake fita da ita, ƙarama, a naɗe, a can cikin aljihu. Ba a zuwa da ita taron siyasa, gidan kallo, filin ƙwallo, makaranta, banki ko kotu, ba a kuma shiga jirgin sama da ita a jakar hannu. Ranar hawan Sallah, in za ka kallo ƙofar fada, bar ta a gida. Da dare ma haka. In jami'in tsaro ya tare ka, faɗa masa tana jikinka tun kafin ya laluba, kada ka kai hannu aljihu sai ya ce.

Wanda yake riƙe ta da niyyar faɗa ba namu ba ne, kuma mun taɓa sallamar wani daga majalisa saboda ya buɗe tasa yana cacar baki da ɗan acaɓa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana nuna ɗan'uwa da makami, ya kuma hana miƙa takobi a zare. A kan wannan muka gina ƙa'idarmu: a rufe ake miƙa wuƙa, a rufe ake mayar da ita, ba a nuna kowa da ita ko da wasa.

Na bakwai, nemi abokai

Mutum biyu ma sun isa farawa. Mu muna shimfiɗa tabarma a zaure, ba a bakin titi ba, kowa ya jera nasa a kan ƙyalle. Ba a taɓa ta wani sai an ce, "Malam, in gani?" Muna ɗan adashi duk wata, wanda ya kwasa ya yi odar wadda ya daɗe yana buri. In za a yi musaya, kowa ya faɗi aibin tasa a gaban shaida, a rubuta a littafi. Yaron da ya nuna sha'awa sai da yardar mahaifinsa yake zama, kuma aikinsa na farko feƙe alƙalami ne: a ba shi karan gamba, ya riƙa yanka yana tura bakin waje, nesa da jikinsa. Sai ya fitar da alƙalami goma masu rubutu kafin a bar shi ya taɓa dutsen wasa.