Kurakuran da mai kula da ɗakin gwaje-gwajen makaranta ya fi yi, da yadda za a gyara

Yawancin ɓarnar da ake gani a ɗakin gwaje-gwaje ba a gaban ɗalibai take farawa ba. Tun a sito take farawa, lokacin da mai kula da ɗakin yake shi kaɗai, yana sauri, yana dogaro da abin da ya haddace. Sauri kuwa ya haifi nawa.

Babban kuskure shi ne jera sinadarai bisa haruffan sunayensu, kamar littattafai a laburare. A ido abin yana da kyau, amma yakan haɗa maƙwabtan da ba sa ga maciji da juna. Fotasiyam famanganet idan ya haɗu da gilisirin, wuta ce ke tashi ba tare da ashana ba. Ruwan bilic idan ya haɗu da asid, iskar kulorin ce ke fita, mai ƙona huhu. Gyaran shi ne a jera su dangi-dangi: asid wuri guda, soda da 'yan uwanta wuri guda, masu kama wuta a kabad ɗin ƙarfe nesa da masu rura wuta. Manyan kwalabe su sauko kantar ƙasa, kada a ɗora abin da ke ƙona fata sama da tsayin ido. Ƙarfen sodiyam kuma a riƙa leƙa shi, a tabbata man da aka nutsar da shi bai ragu ba, domin da zarar ya taɓa ruwa magana ta ƙare.

Sai kwalbar da ba ta da suna. Mutum ya haɗa ruwan sinadari ya ce ai zai tuna. Bayan mako biyu kwalabe uku ne a gabansa, duk fari tas kamar ruwan sha. A rubuta suna da ƙarfin haɗin da ranar da aka haɗa, kafin ma a zuba komai a ciki. Ranar nan tana da muhimmanci, don ruwan sitaci yakan lalace cikin 'yan kwanaki, haɗin ayon salfet mai launin kore-kore kuma iska kan mai da shi ruwan ƙasa. Silba naitiret da haidirojin feroksaid sai kwalba mai duhu, haske na kashe su. Haɗin Tollens kuwa, wato ruwan gwajin da ake haɗawa da silba naitiret da amoniya, ba a ajiye shi ko kwana ɗaya, domin idan ya jima yakan haifar da abin da ke fashewa.

Wajen haɗawa, kowa ya san ƙa'idar: asid ake zuba wa ruwa, a hankali ana juyawa. Ruwa a kan salfurik asid mai ƙarfi tafasa yake yi nan take ya fantsamo fuska. Amma akwai wani kuskuren da ba ya ƙona kowa, sai dai ya ɓata sakamakon aji guda. Ana son haɗin sodiyam haidiroksaid mai ƙarfin mola 1, wato giram 40 a kowace lita ta haɗin, sai a auna giram 40 a juye cikin lita ɗaya ta ruwa. Ba haka ba ne. A narkar da shi a ruwa kaɗan, a bari ya huce, sannan a cika zuwa layin lita ɗaya. A kuma yi hanzari wajen awo, don ƙwayoyinsa na zuƙar laimar iska suna kan sikeli. Kada a rufe shi da murfin gilashi, liƙewa yake yi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne fitar da kayan gwaji ba tare da an gwada ba. Malami ya tsaya gaban ɗalibai, launi ya ƙi canzawa, yaro ya koma gida yana ganin kimiyya tatsuniya ce, ko kuma shi ne bai iya ba. Alhali batir ne ya mutu, ko haɗin ya tsufa. Minti 10 na gwaji tun jajibiri sun isa su hana wannan. Kuma ba rashin ladabi ba ne ka ce wa malami ya ba ka jerin abin da yake buƙata kwana biyu kafin darasi.

Madubin likita ba a goge gilashinsa da gefen riga ko takardar banɗaki, akwai takardarsa ta musamman. Tiyon gas na murhun Bunsen a riƙa lanƙwasa shi ana duba tsagewa. Zuƙar fifet, wato siririn bututun auna ruwa, da baki an daina, a sa robar zuƙa. Idan ma'aunin zafi mai zaiba ya fashe, tsintsiya warwatsa ta kawai za ta yi: a fitar da yara, a buɗe tagogi, a tattara da kwali a zuba a kwalba mai murfi. Ragowar gishirin dalma ko na azurfa ba a zuba su a magudanar ruwa.

Tabarau na kariya kuwa, mu da muke tilasta wa yara sawa, mu ne muka fi ajiye shi idan muna sito, wurin da asid ya fi ƙarfi kuma ba mai ganinmu. Idan sinadari ya shiga ido, a wanke da ruwa mai gudana aƙalla minti 15 sannan a tafi asibiti. Ka je yau ka buɗe famfon wanke idon nan, ka ga ko ruwa na fitowa.